Baloubet du Rouet: ingarman da ya turje a Sidni, da zuriyar da ya bari

Kawuna yana da barga a bayan gidansa cikin tsohon garin Sakkwato. Turke huɗu ne, amma yanzu biyu kaɗai ke da doki. Wani dare cikin hunturu, bayan sallar isha'i, muna zaune a zaure na miƙa masa wayata ya ga wani jan doki yana tsallake shingaye cikin wani katafaren fili mai rufi, dubban mutane sun yi tsit kamar ana huɗuba. Kawu ya kalla har ƙarshe bai ce uffan ba. Bai tambayi sunan mahayin ba, bai tambayi kuɗin da aka ci ba. Ya miƙo mini wayar ya ce, "Wanga doki, wa yah haihe shi? Ina uwatai?"

Cikin minti biyu na karanto masa. Sunan dokin Baloubet du Rouet. Ubansa Galoubet A, uban Galoubet shi ne Almé, uban Almé kuma Ibrahim (i, Ibrahim, haka Faransawan suka raɗa masa). Uwarsa Mésange du Rouet, 'yar wani ingarma mai suna Starter. Kawu ya yi shiru, ya ɗaga kai ya dubi izgar da ke rataye a ƙusa gefen ƙofa. Izgar Danda ce, dokin da ya fi ƙauna duk cikin waɗanda ya taɓa ɗaurewa, wanda ya mutu shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ba Kawu ba, ba dillalin da ya sayar masa ba, babu wanda ya san uban Danda. Wannan shirun ne ya sa na zauna na bi labarin Baloubet tun daga tushe.

Wasan tsallake shinge

Mu a nan doki na hawan sallah ne, na kilisa, na sukuwa, sai kuma folo ga masu hannu da shuni. Tsallake shinge wani fage ne daban. Mahayi ɗaya ke shiga fili da dokinsa, ya bi shingaye goma sha biyu ko fiye bisa jerin da aka tsara, kuma a manyan gasa tsayin shingen yana kaiwa mita 1.60, wato ya kai kafaɗar namiji madaidaici. Sandunan ba a ɗaure suke ba, ɗora su kawai ake yi a kan wasu 'yan ƙoƙuna marasa zurfi, kofato na gogar sanda sai ta faɗo. Kowace sanda ta faɗi, an rubuta wa mahayi laifi 4. Doki ya turje ya ƙi tsalle, laifi ne. Aka wuce lokacin da aka ɗiba, laifi ne. Wanda ya fi ƙarancin laifi shi ya ci, in kuma an yi kunnen doki sai a rage shingayen a sake zagayen raba gardama, inda gudu ke yanke hukunci.

Masu wannan sana'a abu biyu suke nema ga doki, kuma da wuya su haɗu a jiki ɗaya. Na farko ƙarfin tsalle, wato doki ya tashi sama ya yi nisa ba tare da ya ƙure kansa ba. Na biyu tsantseni, wato ya tsani sanda ta taɓa ƙafarsa. Doki mai ƙarfi marar tsantseni zai yi ta watsar da sanduna ko a jikinsa. Mai tsantseni da yawa kuwa, ranar da ya bugu da kyau yana iya tsorata ya ce ba da shi ba. A riƙe wannan, za a dawo kansa.

Asali

An haifi Baloubet a 1989 a Nomandi, arewa maso yammacin Faransa, ƙasar ciyawa da ruwan sama da ta shahara da kiwon dawaki. Sunansa kaɗai takarda ce. A littafin asalin dawakin hawa na Faransa, wanda ake kira Selle Français, kowace shekara da harafinta, duk duƙushin da aka haifa a 1989 sunansa da B yake farawa. Galoubet na 1972 ne, shekarar G. Ƙarin "du Rouet" kuma sunan bargar da aka haife shi ne, ta Louis Fardin. Wato da jin sunan doki, masanin harka ya san shekarunsa da gidan da ya fito, tun kafin ya buɗe masa baki ya duba haƙori.

Galoubet shi ma gwarzo ne. Da shi Gilles Bertrán de Balanda ya shiga tawagar Faransa da ta ci zinare a gasar duniya ta 1982 a Dublin. An san shi da ƙarfi, an kuma san shi da tutsu: yana dira daga shinge sai ya watsa ƙafafun baya sama, ya harbi iska. Abin da ya fi jan hankalina a asalinsa shi ne uwarsa, Viti. Ba daga gidan masu tsalle ta fito ba, jinsin dawakin sassarfa ce, irin waɗanda ke jan keken tsere. In da a ido za a bi, ba a sa ran irin wannan goɗiya ta haifi zakaran tsalle. Amma an rubuta sunanta, kuma saboda an rubuta, yau kowa na iya ganin inda jininta ya kai.

Wanda ya hango Baloubet tun yana ɗanye shi ne Nelson Pessoa, mahayi ɗan Barazil da ya yi zamansa a Turai, ya kafa barga a Beljiyam. Wani attajiri ɗan Fotugal, Diogo Pereira Coutinho, shi ya saye shi, kuma dokin bai bar hannunsa ba har mutuwa. Nelson ya fara hawansa ya ladabtar da shi, sannan ya miƙa ragamar ga ɗansa Rodrigo. Dogon doki ne, ja, mai zafin jini, mai ƙarfin baki, ba na hawan kowa da kowa ba.

Shekara shida a sahun gaba

A watan Afrilun 1998, a Helsinki, Rodrigo yana da shekara 25, Baloubet yana da 9, suka ci wasan ƙarshe na Kofin Duniya na tsallake shinge. Shekara tara a wannan fage ƙuruciya ce, yawancin dawaki a lokacin ne suke fara leƙa manyan gasa. Suka sake ci a 1999 a Gotenbag ta ƙasar Suwidin, suka kuma ci a 2000 a Las Begas ta Amurka. Sau uku a jere, mahayi ɗaya, doki ɗaya. Tun da aka fara gasar a 1979 ba a taɓa yin haka ba. Daga baya wani doki mai suna Shutterfly ya ci sau uku, amma ba a jere ba.

Mutane sun fi ambaton ukun nan, ni kuwa ukun da suka biyo baya sun fi gaya mini ko wane irin doki ne. A 2001 ya zo na biyu, a 2002 na uku, a 2003 na biyu. Shekara shida ke nan bai sauka daga sahun ukun farko ba, a gasar da ake yi kwana da kwanaki cikin matsattsen fili, inda kuskure ɗaya ke jefa mutum baya. Duk wanda ya taɓa jinyar ƙafar doki ya san abin da ake nufi da doki mai nauyin wajen rabin tan ya yi shekara shida yana dira daga sama a kan ƙafafun gaba bai karye ba. Wannan ƙwarin jiki shi ma gado ne, kuma masu kiwo suna kallonsa kamar yadda suke kallon tsallen.

Ranar da ya ƙi

Tsakiyar waɗannan shekaru ne abin ya faru. Gasar Olamfik ta 2000 a Sidni, ƙasar Ostareliya. Baloubet ya riga ya taimaka wa Barazil ta ci tagulla a gasar tawaga. Saura ta ɗaiɗaiku, wadda aka yi ranar ƙarshe ta wasannin. Har zuwa wannan rana Barazil ba ta ci zinare ko ɗaya ba a Sidni, a kowane wasa. Idon ƙasar gaba ɗaya ya koma kan doki guda. Ga Rodrigo zakaran duniya, don ya ci gasar duniya ta 1998 a Rum (gasa ce daban da Kofin Duniya) da wani dokin, ga Baloubet da Kofin Duniya uku. A lissafin kowa an gama.

A zagaye na ƙarshe Baloubet ya tunkari shinge ya kafe ƙafafu. Rodrigo ya juya shi ya sake kawo shi, ya ƙi. Ya sake, ya ƙi. A dokar lokacin turjiya uku ke fitar da mahayi, yanzu ma an mai da ita biyu. Aka buga ƙararrawa. Zinaren ya tafi ga Jeroen Dubbeldam na Holan, Barazil ta koma gida babu zinare, sunan dokin ya zama abin zolaya a bakin mutanen da ko sirdi ba su taɓa ɗaurawa ba.

Da na nuna wa Kawu wannan bidiyon, ya sa na maimaita masa sau uku. Ba dokin yake kallo ba, hannun mahayin yake kallo. Ya ce, "Bai buge shi ba." Na ce a'a. Ya ce, "Yaron ga ya san doki. Wanga ba taurin kai ba na, tsoro na." Ni ma fahimtata ke nan. Tsantsenin da ya sa ya yi shekaru sanda ba ta faɗuwa a bayansa, shi ne ya tsayar da shi ranar da zuciyarsa ta karaya. Ba a raba su. Wanda ke son doki mai ƙyamar taɓa sanda, sai ya yarda cewa wata rana dokin zai zaɓi tsayawa a kan ya bugu.

Abin da ya biyo baya shi ne zuciyar wannan nazari. Ba a sayar da shi ba, ba a dandaƙe shi ba, ba a sauya masa mahayi ba. Wata bakwai bayan Sidni ya zo na biyu a Kofin Duniya. Masu goɗiyoyi ma ba su janye ba. Ɗaya daga cikin 'ya'yansa mafi tsada, Palloubet d'Halong, an haife shi a 2003, kuma tun da goɗiya wata goma sha ɗaya take ɗaukar ciki, a 2002 aka yanke shawarar kai uwarsa ga jinin Baloubet, lokacin da abin kunyar Sidni bai bar bakin mutane ba. Me ya ba su wannan ƙarfin hali? Suna da rubutaccen sakamakon kowace fita da ya yi shekara da shekaru. Rana ɗaya suka ɗora a sikeli, sauran ranakun a ɗaya ɓangaren.

A nan gida, doki ya kunyata mai shi ranar hawan sallah, ya turje gaban fada ko ya kayar da shi rawani ya warware a bainar jama'a, da wuya ya sake kwana bakwai a wannan turken. Na ga an yi haka da idona, kuma dokin ba shi da wani aibi sai ƙarar bindiga da ya ji kusa da kunne. Ba rashin sanin doki ke jawo wannan ba, tsofaffinmu sun san doki ciki da bai. Ranar kunya ce kowa ke tunawa, sauran ranakun babu inda aka ajiye su.

Atens

A 2004, Baloubet yana da shekara 15, suka koma Olamfik a Atens ta ƙasar Girka. Cian O'Connor na Ailan ya zo na ɗaya da dokinsa Waterford Crystal. Rodrigo da Chris Kappler na Amurka suka yi kunnen doki, aka shiga raba gardama, dokin Kappler mai suna Royal Kaliber ya ji rauni a ƙafa ana cikin zagayen, Rodrigo ya karɓi azurfa. Daga baya gwaji ya nuna haramtaccen magani a jikin Waterford Crystal, hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta soke sakamakonsa, aka miƙa wa Rodrigo zinaren a 2005 a birnin Riyo. Zinare ne halal, amma a ofis aka tabbatar da shi, kuma ni ba shi ya fi burge ni ba. Ya fi burge ni a ce doki mai shekara 15 ya koma irin filin da ya taɓa tsorata shi ya tsallake.

Aikinsa na biyu

Ingarman tsalle a Turai ba ya jiran ya bar fage kafin ya fara haihuwa, kuma yawanci ba ya ko ganin goɗiyar. Likita ke ɗibar maniyyinsa, a tsinka shi, a raba. Wani a sanyaya a aika cikin kwana ɗaya ko biyu, wani a zuba cikin 'yan siraran bututu a daskarar cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, inda zai yi shekaru bai lalace ba. Mai goɗiya a Jamus ko Suwidin ya biya kuɗi, likitansa ya auna lokacin da ƙwai zai sauka, a sa mata. In goɗiyar tana kan ganiyar gasa, bayan kamar mako guda sai a wanko ɗan tayin a dasa a mahaifar wata goɗiyar ta raine shi. Wannan ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar nan, cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta daɗe tana yi wa shanu barbara ta hannun likita. Masu dawakin tsere na jinsin Ingila kuwa har yau sun haramta shi a littafinsu, dole ingarma ya hau goɗiya da kansa.

Ta wannan hanya jinin Baloubet ya bazu. Chaman ya yi suna a hannun Ludger Beerbaum na Jamus. Bubalu, da mahayinsa Jur Vrieling, ya ci azurfar tawaga wa Holan a Olamfik ta Landan a 2012, sannan zinaren tawaga a gasar duniya ta 2014, wadda aka yi a Nomandi, ƙasar haihuwar ubansa. Palloubet d'Halong ya tashi a hannun Janika Sprunger ta Suwizalan, aka sayar da shi a 2013 ya koma Katar, a kan kuɗin da jaridu suka ruwaito ya haura yuro miliyan 10. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, Kawu ko tambayar nawa ne a naira bai yi ba.

Wadda ta fi ba ni dariya ita ce wata 'yarsa da aka haifa a 2006, shekarar harafin S, aka sa mata Sydney Une Prince. Uban ya sha kunya a Sidni yana ɗauke da tutar Barazil. 'Yar mai sunan Sidni ta je Barazil ɗin, a Olamfik ta Riyo a 2016, ta ci zinaren tawaga wa Faransa da mahayinta Roger-Yves Bost.

Jikoki suka ɗora. Ɗansa Balou du Rouet, na bargar Paul Schockemöhle a Jamus, ya zama ingarman da ake rububi, shi ya haifi Bianca, goɗiyar da Steve Guerdat ya ci tagulla da ita a gasar duniya ta 2018 a Amurka. Explosion W kuma, dokin da Ben Maher na Birtaniya ya ci zinare da shi a Olamfik ta Tokiyo da aka yi a 2021, uwarsa 'yar Baloubet ce. In aka koma baya taki ɗaya aka tsaya kan Galoubet, sai a ga wani reshen: ɗansa Quick Star ya haifi Big Star, wanda Nick Skelton ya ci zinaren ɗaiɗaiku da shi a Riyo. Zinaren Atens, na Riyo, da na Tokiyo duk suna komawa ga ɗan Viti mai jan keke.

Ƙungiyar masu kiwon dawakin wasanni ta duniya tana fitar da jerin iyaye maza duk shekara, bisa makin da 'ya'yansu suka tara a gasa. Baloubet ya zo na ɗaya a 2012 da 2013. A dubi shekarun. Yana da 23 a lokacin, ya daɗe da barin fage. Dalili a fili yake: wata goma sha ɗaya na ciki, shekara uku ko huɗu kafin a ɗaura sirdi, sannan wasu biyar ko shida kafin ɗan ya kai manyan gasa. Hukuncin ingarma a matsayin uba yana zuwa ne shekara goma ko fiye bayan barbarar. Ya ƙare rayuwarsa a Fotugal wurin mai shi, ya mutu a watan Agustan 2017 yana da shekara 28.

Sai dai ban yarda a haɗiye wannan jeri ɗungurungum ba. Ana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma mai kiwo ya san tana yi. Ingarman da ya ci Kofin Duniya uku, goɗiyoyin da suka fi kyau ake kawo masa, 'ya'yansa kuma su faɗa hannun mahayan da suka fi gwaninta, don sunan uban ya riga ya sayar da su. Jerin yana auna jini, yana kuma auna suna da kuɗi. Ba ya ƙirga ɗimbin 'ya'yan da suka gaji zafin ba su gaji tsallen ba, suka gagari masu su. An san zuriyar Baloubet da zafin jini, ba dawakin ɗan koyo ba ne. Kuma rabin kowane duƙushi na uwarsa ne. Sunan uban ne ke kan allo, amma masu kiwon gaske dangin uwa suke fara tambaya, kamar yadda Kawu ya yi a zaure ba tare da ya karanta littafin kowa ba. Larabawa ma ta wajen goɗiya suke jan nasabar dawakinsu.

Akwai kuma sa'ar da ba a cika faɗa ba: an bar shi ingarma. Da yawa cikin zakarun wannan wasa dandaƙaƙƙu ne, don sun fi sauƙin sarrafawa. Shutterfly dandaƙaƙƙe ne, haka Palloubet mai miliyoyi, haka Explosion W. Komai zinarensu, a kansu layin ya tsaya.

Danda

Mu ba mu da wannan matsalar, kusan duk dokin da ke turke a Sakkwato ingarma ne. Tamu ta fi ban haushi. Kawu ya sayi Danda ta hannun wani dillali a Illela, aka ce daga wajen Dogon Dutsi aka gangaro da shi, iyakar nasabarsa ke nan. Ja ne mai farin goshi da fararen ƙafafu. Ina yaro na ga ya tsallake wani kwazazzabo a hanyar fadama, da Kawu a kansa da cikakken sirdi, wurin da sauran dawaki suka zagaya. Shekara goma sha huɗu yana turken nan. Da asuba a ba shi gero, da rana harawa, da yamma dusa da ɗan jiƙon kanwa, Kawu da kansa yake duba kofatonsa. Ciwon ciki ya kashe shi cikin bazara, dare ɗaya.

A duk shekarun nan sau biyu kacal aka kai shi barbara. Kawu, kamar yawancin tsararsa, yana ganin barbara na rage wa doki ƙarfi, tana kuma ɓata masa tarbiyya, ya riƙa haniniya yana fizgar linzami duk inda ya ji warin goɗiya. Baloubet kuwa an haifa masa Chaman da Balou du Rouet a 1999, tsakiyar shekarun da yake cin Kofin Duniya, ko da yake hanyar likita ta sa hankalinsa bai rabu ba. Ga kuma al'ada: namiji mai mutunci ba ya hawan goɗiya a birni. Goɗiyoyi suna ƙauye wurin manoma, duk ingarman da ya samu shi ke hawansu. Dawakin da suka fi kyau suna birni ba sa haihuwa, masu haihuwa suna ƙauye ba a zaɓa musu miji. In doki ya mutu sai a koma kan iyaka a sayo wani.

Abin mamakin shi ne garin nan ba baƙon nasaba ba ne. Akwai tsofaffin da za su jero maka zuriyar Shehu da ta Waziri Giɗaɗo ɗaki-ɗaki ba su yi tuntuɓe ba. Malami zai gaya maka wurin wanda ya karanta littafi, da wanda shi ma ya karanta wurinsa. Bafulatanin da ke kiwo a bakin gulbin Rima ya san uwar kowace saniya da kakarta. Doki ne kawai, dabbar da muka fi yi wa ado, muka bari ba uwa ba uba.

Bayan daren bidiyon da mako biyu, Kawu ya kira ni. "Ɗana, tashi mu tai wajen Wurno." Can ne aka kai Danda barbara ta biyu, wurin wani manomi da ya biya da damin gero biyu. Mun iske manomin ya rasu. Ɗansa ya ce goɗiyar ta haifi mace, ita ma ta haifi mace kafin a sayar da ita, jikar tana nan. Aka jawo mana ita daga bayan rumbu, ramammiya, ƙashin baya a waje, da tabon igiya a ƙafa. Ja ce, da farin goshi. Kawu ya zagaya ta sau biyu, ya buɗe bakinta, ya shafa ƙafafun gaba tun daga gwiwa har kofato, ya ɗaga wutsiya. Wani tsoho maƙwabci ya ce lalle jinin dokin Alhajin birni ce. Wani tsohon ya ce a'a, waccan 'yar ta mutu tun tana ƙarama, wannan daga dokin wani mai unguwa ta fito. Suka yi ta musu har la'asar.

Na tuna da izgar. A Turai da gashi ake tabbatar da uban duƙushi kafin a sa shi a littafi. Na kira wani abokina likitan dabbobi da ya yi karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, na tambaye shi. Ya ce gashin da ake gwadawa tugo shi ake yi da saiwarsa, don a saiwar abin yake. Izgar Danda da wuƙa aka yanke ta.

Kawu ya saye ta duk da haka, bayan ciniki mai tsawo. Bai kawo ta birni ba, ya ce ba zai ɗaure goɗiya kusa da ingarmu biyu su hana unguwa barci ba. Ya bar ta wurin yaron, yana aika masa dusa da harawa duk wata. Da ta murmure ya sa aka kai mata akawal ɗinsa, wanda shi ma ba a san ubansa ba. Ya sa na rubuta ranar a bangon zaure da gawayi, ƙarƙashin izgar. In lissafin wata goma sha ɗaya ya yi daidai, farkon damina za ta haihu.